Na Je Kudan Kan Eriyar da Ba a Gani

Ana idar da sallar asuba muka bar Saulawa, ni da ƙanwata. Ɗana ne ke neman aure a Kudan. Dangin yarinyar sun yi bincike, aka ce musu eriya yake ƙerawa a jami'a. Suka ce ya nuna ɗaya, ya ce ido ba ya ganinta. Nan suka jingine magana. Na zaunar da shi ya yi mini bayani har na gamsu, sannan na ɗauki mayafi.

A Ikara muka samu mota. Direban na ta zuba gudu cikin ramuka, na ce masa ba buhunan masara ya ɗauko ba. Ya rage. Makarfi kuwa rake ko'ina, kuma ya yi tsada a garin da ake noma shi. Na tsaya sayen mazarƙwaila ta tsaraba, mai ita ya miƙo mini ta bara. Na shinshina na mayar masa.

Da hantsi muka shiga Kudan. Kakar yarinyar ta sa aka kawo fura mai kyau, ba a cika mata ruwa ba. Muka gaisa har kan shanu, sannan ta ce, "Hajiya, mece ce sana'ar nan?"

Na ce, "Kin san baƙin cikin fensir?"

"Fensir ma yana baƙin ciki?"

Da dariya ta lafa na ce shi ake ɓarewa har ya kai inda ba ya ƙara ɓaruwa, girafin suke kiransa. Da shi ake yin eriyar, don wasu na'urori da ƙwayar gero ta fi su girma nesa ba kusa ba su riƙa magana da juna ta iska. Maganar tasu akwai sauri, amma ba ta nisa, danshi ma cinye ta yake.

"To tana aiki?"

"Na tambaye shi. Ya ce tasa ba ta yi ba tukuna, kuma bai san ranar ba."

Ƙanwata ta taka mini ƙafa. Ban kalle ta ba.

Tsohuwar ta ajiye ludayin fura. Ta ce, "Wanda ya riga shi zuwa neman auren nan, komai aka tambaya sai ya ce yana da shi, har muka je muka duba, muka tarar babu. Ku turo baffanninsa."

Kafin magariba muna gida. Abin da na ɗauko a tafiyar nan: in za ku je gyara magana, kada ku yi mata kwalliya. Ƙanwata har yau cewa take sa'a na yi. Ba da ita zan koma ba.