Matar da Ke Riƙe Numfashi Tare da 'Ya'yan Mutane

Kowace safiya, kafin ta gaida kowa, Inna Riƙe takan tsaya a bakin wata ƙofa mai kauri a can ƙasan ginin asibiti ta laluba jikinta. Babu ɗan kunne, babu awarwaro, babu ko fil a ɗankwali. Ta daɗe da daina sa su ko a gida. Ranar auren 'yarta ma haka ta fito kunnuwa fayau, dangin ango suna ta zunɗen ta.

Bayan ƙofar ɗaki ne mai sanyi, ba taga. A tsakiyarsa na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki take, ƙatuwar aba fara mai rami daidai kwanciyar mutum ɗaya. Maganaɗisun cikinta ba ya barci ko an ɗauke wuta. Mai sharar ɗakin har yau tana ba da labarin ranar da bokitin ƙarfe ya fizge daga hannunta ya tashi sama kamar an kira shi, kuma tun ranar sai da bisimillah take shiga. Ko babu kowa, na'urar tana wani ɗan kuka a kai a kai, cit, cit, sai ka rantse akwai mai rai a ciki.

Yaran da ake kawo wa Inna da ciwon zuciya aka haife su: wani da huda a zuciyar, wani jijiyoyinsa sun sauya wuri. Likitan tiyata ba ya ɗaukar wuƙa sai ya san ta ina jini ke bi, nawa ke isa huhu, nawa ke zillewa ta hudar. Inna ce mai ɗauko masa hoton. A allonta jini mai tafiya fari ne, mai dawowa baƙi, zuciyar kuma tana ci gaba da bugawa ko yaron ya koma gida. Wasu zukatan da ke ajiye a kwamfutarta masu su sun riga mu gidan gaskiya, amma in aka buɗe suna nan suna bugawa. Nas ɗin da ke aiki da ita ta ce ba ta taɓa ganin ta rufe irin wannan hoton ba ta yi wa mai shi addu'a ba.

Hoton ba ya fita sai yaro ya kwanta shiru ya ɗauke numfashi. Inna tana zaune bayan gilashi, tana magana ta lasifika: “Ja numfashi. Riƙe.” Daga nan yara suka raɗa mata suna. Abin da yaran ba su sani ba, ita ma takan riƙe nata. Da ragowar iskar bakinta take cewa “saki”, kuma ba ta shaƙar wata sai ta ga layin numfashin yaron ya motsa a allo. Abokan aiki sun sha tsokanarta cewa wata rana ita za a kwasa a kai ɗakin gaggawa. Dariya kawai take yi.

Wani hantsi wani tela ya kawo autarsa, yarinya siririya mai leɓe shuɗi, wadda ko tsallaka tsakar gida ta yi sai ta tsuguna ta huta. Likitoci sun ce zuciyarta ba za ta ɗauki allurar barci ba. Ke nan ko dai ta kwanta da idonta biyu a samu hoton, ko kuma babu tiyata. Uban ya durƙusa ya riƙe kafaɗunta ya ce mata abin da Inna ta ce shi za ta yi, kada ta ƙara, kada ta rage. Yarinyar ta gyaɗa kai. Irin yaran nan ce da ba a maimaita musu magana.

Inna ta lulluɓe ta da bargo mai furanni, don ta daɗe da lura iyaye mata na kau da kai in suka ga an tura ɗansu rami cikin farin mayafi. Gado ya zame ciki. Na'ura ta fara bugu kamar maƙera. Aka ɗauki hoton farko lafiya, aka ɗauki na biyu. A na gaba Inna ta ce “riƙe”, hoto ya kammala, ta ce “saki”. Layin bai motsa ba. Ta sake faɗa da ɗan abin da ya rage mata. Ta cikin gilashi ƙafafu biyu kawai take hangowa, a miƙe, ba motsi. Ƙirjinta ya fara zafi, zafin nan ne ya gaya mata lasifikar ta mutu, yarinyar ba ta ji ba, tana can tana jira.

Ba ta tsaya cire komai ba, domin babu abin cirewa. Ta banka ƙofa ta shige. Tela ya zabura zai bi ta, almakashi na leƙowa daga aljihunsa, nas da mai shara suka rungume shi yana kiran sunan Allah. Inna ta janyo gadon ta sunkuya a kunnen yarinyar ta ce, “Saki, 'yata.” Sai ga numfashi ya fito da ƙara. Leɓen ya yi duhu, idanun cike da hawaye.

“Inna, ba ki ce in saki ba,” in ji yarinyar.

Inna ta yi kuka ranar, ba ta ɓoye ba. Da likita ya duba ya ce ana iya ƙarasawa, sai ta ba wa abokin aikinta kujerarta ta tsaya a cikin ɗakin, hannunta a ƙafar yarinyar: in ta matsa a riƙe, in ta sassauta a shaƙa. Haka hoton ya fita, haka aka yi tiyatar.

Ke ce wadda ba a sa sunanki a bakin ƙofa ba, Inna. Iyaye sukan tafi suna sa wa likita albarka, ke kuma kina can ƙasa kina ninke bargo. Uwar 'ya'yan da ba ki haifa ba, mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Masu tasowa a wannan aiki, danna maɓalli kowa zai koya. Ku koyi jin abin da wanda ke cikin ramin yake ji.

Shekaru sun shuɗe. Makon jiya Inna ta ajiye aiki. Cikin masu zuwa sallama har da wata budurwa mai ƙoshin lafiya, leɓenta ja, tela na biye da ita da furfurarsa. Ta buɗe tafin hannunta, ga 'yan kunne. Hudar kunnen Inna ta daɗe da toshewa, don haka masu maƙalawa ta sayo. Ta sa mata su da kanta, sannan ta kama hannunta ta matsa, ta daɗe, ta sassauta.

“Saki, Inna,” in ji ta. “Duk mun shaƙa.”