Ruwan da Inna ba ta gama gani ba

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In ina kusa "ke" ce ni, in na yi nisa "waccan". Kunya ce irin ta mutanen da, kuma jirgin da ya kawo ta New York bai rage mata komai a ciki ba.

Wankan jego ne ya kawo ta, lokacin da na haifi ɗana. Ta gasa ni da ruwan zafi safe da yamma a banɗakinmu na unguwar Concourse Village, ta ɗura mini kunun kanwa, har muka yi arba'in. Sai ta fara ɗaure kaya. Ni kuwa hutuna ya kusa ƙarewa, asibitin da nake aiki yana jirana, maigidana tun asuba yake fita, kuma ba ni da wanda zan bar wa jinjiri. Tsoro nake ji sosai. Amma 'yar fari ba ta zama gaban uwa ta ce, zauna ina bukatarki. Ko na faɗa ma, da wane baki za ta amsa? A ji a gida ta bar ɗakinta saboda ni?

Maigidana ne ya kawo dabara, shi da ba ya rasa ta. Wai dogayen benaye da ƙarar jirgin ƙasa ne suka ishe ta. A kai ta City Island, ɗan garin nan na bakin teku a ƙarshen Bronx, ta ga Amurka ma tana da wurin shan iska, da kanta za ta ce ta fasa tafiya.

Ranar Asabar muka tsallaka gada. Garin kusan titi ɗaya ne, ruwa dama, ruwa hagu. Maigida ya fara nuna mata fararen kwale-kwale a jere. Inna ta tambayi su wa suke tsallakarwa. Ya ce babu kowa, masu su kan fita ne su zaga su dawo.

Ta ce, "Allah ya ba su abin yi."

Muka shiga shagon tsofaffin kaya, inda aka ajiye fitilar ƙwai da dutsen guga na gawayi cikin gilashi ana lallaɓa su. Ta ce irinsu ta ba 'yan jari-bola bara, har da godiya ta yi musu. A ƙarshen titi muka zauna cin soyayyen kifi a waje. Ta ture jatan lande gefe da ɗan yatsa, ta ciro ƙullin yaji daga jaka, tana cikin barbaɗawa wani farin tsuntsun teku ya sauko ya sure kifin daga gabanta. Ta bi shi da ido, ta ce shahon garinmu dai yakan jira ka juya baya.

Saura teku, babban abin da muka zo dominsa. Ta dube shi sau ɗaya, ta ce a dam ɗin Tiga ma akwai ruwa, sannan ta tambayi ina ne gabas.

A mota ina gaba, ita tana baya da yaro. Na san magana ta ƙare. Na juya fuska wajen taga ina share ido da gefen mayafi, wai don kada a gani. Muna kan gada sai na ji ta tana yi wa jinjirin wasan kaka da jika.

"Kai angona marowaci, gaya wa mutanen gidanku ruwan nan ban gama ganinsa ba. Rana ta kashe mini ido. A ɗaga tikitin komawata."

Maigidana ya dube ni yana murmushin wanda dabararsa ta ci. Har yau ban gyara masa ba.

To, tunda ta faɗa, dole a riƙe maganar. Duk Asabar Inna za ta yafa mayafi ta ce a kai ta ganin ruwa. Sanyi ya shigo, aka kwashe kujerun waje, iska tana yanka kunne, muna zuwa. Takan zauna cikin mota, gilashi a rufe, yaro a cinya, carbi a hannu, ƙeyarta tana kallon tekun. In 'yan'uwa sun kira daga Kano suna tambayar me ya riƙe ta, sai ta ce wani ruwa take kallo.

Da yaro ya fara rarrafe, wata maƙwabciyarmu Bazazzagiya ta yarda za ta riƙa riƙe mini shi. Na rasa yadda zan gaya wa Inna, don ban so ta tafi ba. Daga ƙarshe na bi hanyarta. Ranar wata Asabar, muna fake a bakin teku, na leƙa baya na ce wa yaron an samo masa mai raino.

Inna ta ja carbinta ta kai ƙarshe. Sannan ta juya, karo na farko tun ranar da muka fara zuwa, ta daɗe tana kallon tekun.

Ta ce, "To, na gan shi."