Kawu Isuhu da Shirin Tafiya Tebaram

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Tawa ya san ranar da Kawu Isuhu tela yake rufe keken ɗinkinsa da zane ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Daga ranar sai ka haƙura da rigarka, ko ta angonci ce. Kaka ta wuce, shirin tafiya Tebaram ya kama.

Ni Lawali ɗan ƙanwarsa ne, kuma kabu-kabu nake yi da babur, don haka na fi kowa jin haushin tafiyar nan. Mota na zuwa Tebaram, babur ɗina na zuwa, amma Kawu a ƙafa yake zuwa, kwana da kwanaki ta cikin daji, don ya gaida yayarsu Inna Tsahara. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, shi kuwa ya ce wadda ta goya shi ba zai je mata a zaune ba.

Zai baje kaya a kan tabarmar: bargo, buta, tocila, allura da zare, gumba, cuku, dabino, ganyen shayi. Sai ya riƙa ɗaukar su ɗaya-ɗaya yana aunawa a tafin hannu, yana tambaya kamar alƙali: "Kai, mi za ka yi mini cikin daji?" Abin da bai gamsar da shi ba ya koma ɗaki. Cokali, ya yanke masa mariƙi. Sabulu, ya raba biyu, ya dubi rabin, ya sake rabawa. Dabino kuwa sai ya zaunar da matarsa Gwaggo Rabi ta cire ƙwallayen kaf, wai shi ba ya yi wa abin da ba zai ci ba dako. Wata shekara ta gaji, ta ce masa ya cire haƙoran nan nasa biyu da ba sa tauna komai, ai su ma nauyi ne. Sai ya shiga taɓa su da harshe. Wallahi sai da muka tsorata.

To bayan duk wannan ƙwauron, abin da yake sawa a ƙarshe shi ne dutsen gugarsa na gawayi, baƙin ƙarfen da ya fi sauran kayan duka nauyi. Na kasa haƙuri ran nan na tambaye shi.

"Kawu, ka yanke cokali, ka ɗauki wanga?"

"Tela nike. So kake in shiga garin Yaya da riga kamar akuya ta tauna?"

Ya ce kuma a cikinsa yake hura gawayi ya dafa shayi a hanya, in ya sauka wani ƙauye ya gyara wa mai masauki riga ya goge masa, tuwon dare ya halatta. Na ce in kura ta tare shi fa? Ya ce ita ma an yi shirinta, ya ɗaga dutsen sama ya nuna mini yadda za a yi.

Ɗansa da ke aiki Yamai ya taɓa aiko masa da jakar goyo irin ta masu yawon buɗe ido, ja, igiya nan, aljihu can, zif ko'ina. Kawu ya juya ta ciki waje, ya bi ɗinkin da farce, ya ce wanda ya yi ta ya iya aiki, Allah ya yi masa albarka. Sai ya ɗauko reza. Ya ce yawan aljihu shi ke sa mutum ɗaukar abin da ba ya bukata. Ya farke wannan, ya cire wancan, har yamma. Gwaggo Rabi ta zo ta tsaya a kansa ta ce, "Malam, sannu da aiki. An aiko maka jaka, ka mai da ta buhu." Ya ce dama buhun yake so. Aljihunan ma bai zubar ba. A shekarar nan duk wanda ya kawo ɗinkin wando ya samu jan aljihu mai zif, ko bai tambaya ba.

Sai kuma gwaji. Zai goya jakar, ya rataya jarkar ruwa, ya riƙe sanda ya fita, mutane na ta yi masa Allah ya kiyaye hanya, yana amsawa da amin. Ya zaga kasuwar dabbobi, kafin azahar ga shi ya dawo, wai igiyar hagu na cin kafaɗa. Limamin unguwarmu ya yi masa addu'ar tafiya har ya gaji, ya ce daga yau ba zai ƙara ɗaga hannu ba sai ya ga Gwaggo Rabi ta rako shi ƙofar gida. Kawu ya ce ba komai, addu'o'in baya suna nan ya adana, kuma su ba su da nauyi.

Shekarar da gwiwoyinsa suka kumbura, likita ya hana shi doguwar tafiya. Ana cikin haka saƙo ya zo cewa Inna Tsahara, wadda idonta ya riga ya tafi, tana kwance, kullum tambayarta ko Isuhu ya taso. Babu irin roƙon da ba mu yi ba ya shiga mota, ya ƙi. Na ce to zan bi shi da babur. Ya ce hanya ba ta gidansu ba ce, kowa na iya binta.

Ranar farko ya yi ƙoƙari. Washegari na lura duk bishiyar da muka isa sai ya tsaya, ya dafa ta, wai yana duba ko ita ce ta bara. Zufa na zuba, ƙafar na rawa. Tsoro biyu suka kama ni: kada ya faɗi mini a daji, kada kuma mu isa mu tarar an gama. Na rasa ta inda zan ɓullo masa, sai na ce, "Kawu, jakar nan ta gaji. Bari in ɗauke ta."

Ya dubi jakar, ya ce lalle ta yi ƙoƙari. Na ɗaure ta a bayan babur. Ba mu yi nisa ba ya tsayar da ni, ya ce wannan ɗaurin na banza ne, za ta faɗi, dole a samu mai riƙe ta. Ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya zauna a bayana.

"Kada ka ce ma kowa na hau. Riƙo nike yi."

Haka ya yi ta riƙo har muka hango rumbunan Tebaram. Nan ya sauka, ya goya jakarsa, ya shiga gari yana dogara sanda, ni ina turo babur can baya.

Mun same ta da rai. Tana jin sallamarsa ta sa aka tayar da ita zaune. Ta kama hannunsa, ta shafa fuskarsa, ta jawo rigarsa kusa da hancinta.

"Isuhu, da ƙahwa ka zo?"

"Da ƙahwa na shigo, Yaya."

"To bana ƙahwarka warin isansin babur take yi."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, shi ma ya dara yana share ido. Ta kira ni ta sa mini albarka, ta ce ran komawa in ya yi gardama in ɗaure shi tare da jakar.

Bai koma da wuri ba. Ya zauna a gefen tabarmarta yana dama mata fura, suna hirar mutanen da mu ba mu sani ba, har Allah ya karɓi abarsa. Shi ya ɗinka likkafaninta da hannunsa. Kafin wata kakar ta zagayo shi ma ya bi ta.

Allah ya jiƙan Kawu Isuhu, ya jiƙan Inna Tsahara, ya yalwata musu makwanci, ya haɗa su a Aljanna. Mu da muka rage, Allah ya kyauta namu ƙarshe.