Kawuna Mai Koya wa Alƙalan Wasa Gudu

Kawuna bai taso da niyyar zama koci ba. Tela ne, ranar wasa kuma alƙalin ƙwallo. Allah ya ba shi tumbi da son gaskiya, abubuwan da ba sa zama lafiya tare a filin unguwarmu. Wata rana ana dab da tashi ya hura fenareti a kan masu gida. Daga baya kowa ya yarda hukuncin daidai ne, amma a ranar 'yan kallo ba su tsaya shawara ba. Kawu ya nufi ƙofa a guje, ko tsakiyar fili bai wuce ba numfashinsa ya ƙare. A baro aka kawo shi gida.

Inna, matarsa, tana gasa masa baya da ruwan zafi ta ce, "Malam, ka bar abin nan ka koma kan kekenka."

Ya ce, "Ba hukuncin ne ya cuce ni ba. Ƙafa ce."

Da ya warke sai ya zuba siminti a gwangwanayen fenti, ya soka musu bututun ƙarfe, ya samo tsohuwar tayar mota ya ɗaura mata igiya. Kowace safiya yana bayan shago, yana ɗagawa, yana ja, yana nishi kamar ana yanka shi. Tumbin ya tafi, har wandunansa sai da ya rage musu ƙugu. Karo na gaba da 'yan kallo suka shigo fili, Kawu ya riga labarin isowa gida.

Sauran alƙalai suka ji, suka fara zuwa. Akwai mai kemis ɗin bakin titi, da wani direba, da malamar makaranta mai ɗaga tuta, wadda ta fi su duka gudu. Kawu ba ya wasa da aikin. Sai an ɗuma jiki an miƙe jijiyoyi kafin a taɓa ƙarfe, kuma wanda ya zo atisaye ranar hutu korarsa yake yi. Yana sa su gajeren gudu mai zafi, da tsugunna-tashi da gwangwani a kafaɗa, da gudun kwana-kwana, domin a cewarsa mai jifa ba ya iya saitin mutumin da bai san inda za shi ba. Darasin ƙarshe kullum haura katanga ne. Ba ya hura musu usur. Tafi yake yi ya ƙwala ihu, "Ga su nan!" Ko direban, mai ciwon gwiwa, tashi yake kamar an taka masa wuta.

Wani abu ya biyo baya wanda Kawu bai yi tsammani ba. Da yake ɗalibansa sun daina haki, duk inda ƙwallo take suna kusa, sai hukuncinsu ya gyaru, dukan da suke sha ma ya ragu. Shugaban kulob ɗin unguwa ya lura alƙali na tsere wa 'yan wasan gabansa, ya zo har shago ya roƙi Kawu ya horar masa da yara. Cikin yaran har da autan Kawu, mai tsaron baya, wanda ake kira Jan Kati saboda dalilin da ba sai na faɗa ba.

Alƙalan suka turo mai kemis. Ya ce, "Koci, ka ji tsoron Allah. Idan ka koya wa waɗannan gudu, mu ina za mu sa kanmu?"

Kawu bai ɗago daga kan keke ba ya ce, "Sai ku ƙara himma."

Ya karɓi aikin. Da safe alƙalai, da yamma 'yan wasa, taya ɗaya suke ja.

Ranar da abin ya haɗe, mai kemis ne alƙali a tsakiya. Auta ya kwashe ƙafar wani yaro, aka nuna masa jan kati, shi kuma ya yi kan alƙali. Mai kemis bai tsaya bayani ba. Suka miƙe gefen layi, ɗaya na bin ɗaya, Kawu na binsu daga waje yana ihu, "Ɗaga gwiwa! Saki kafaɗa!" Har yau babu wanda ya san da wa yake. 'Yan kallon da suka miƙe da niyyar faɗa dariya ta zaunar da su. Mai kemis ya yi kwana, ya dafa katanga, ya ɓace. Auta ya zo da gudunsa ya rungumi bulo da ƙirji.

A gida Inna ta ce, "To, yi masa faɗa mana."

Kawu ya dubi Auta rai a ɓace ya ce, "Sau nawa zan gaya maka ka rage taku kafin kwana?"

Inna ta ɗauke kwanon abincin daga gabansu su duka biyun. Washegari dai Kawu ya tasa Auta gaba har kemis ya sa shi ya ba da haƙuri, ya kuma mayar da shi ajin safe, inda ya daɗe yana riƙe wa mai kemis ƙafa a atisayen ciki.

Yanzu Kawu ya tsufa, likita ya hana shi gudu, malamar makarantar ce ke jan atisayen. Shi yana kan kujera a ƙofar shago yana gyara wa masu wucewa tafiya, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Kwanan baya wani ɓarawon waya ya gifta ta gabansa, jama'a na binsa. Kawu ya miƙe da ƙyar, ya bi shi da kallo har ya sha kwana, sannan ya juyo gare ni.

Ya ce, "Ka ga yadda yake jefa hannu? Ba zai yi nisa ba za su kama shi. Je ka ofishin 'yan sanda ka ce idan sun gama da shi ina son ganinsa."