Gaisuwar Baba ce ta cika akwatin

Shekarun baya can, lokacin da damina ta yi ta yi mana gardama har samarin ƙauyenmu suka watse ci-rani, na taɓa haɗa wata 'yar manhaja da nake ji da ita kamar ni na ƙirƙiro kwamfuta. A lokacin ban daɗe da gama koyon aikin a Kano ba, kaina kuwa ya yi girma.

Wani abokina yana da shago a Tsanyawa, da tsohuwar kwamfuta da ƙaramin janareto. Waya ba kowa ke da ita ba, kira kuma sai mai hali. Ranar kasuwa tsofaffi kan taru a ƙofarsa don ya tura wa 'ya'yansu saƙon tes, shi kuma ya yi ta fama da madannan waya har yatsa ya yi ciwo. Sai na haɗa masa manhajar: a jona waya da kwamfuta, a rubuta saƙo a cikin akwati, a danna, ya tafi, akwatin ya goge kansa don mai biye.

Ya roƙe ni abu ɗaya, kada saƙo ya wuce tes guda, don mutanenmu in suka fara zance ba sa tsayawa. Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Na kafa wa akwatin iyaka, haruffa ɗari da sittin. Da ya cika, sai ya daina karɓar rubutu. Ba ƙara, ba gargaɗi, shiru kawai. Abokina kuwa da yatsa biyu yake bugawa, idonsa a kan madannai, ba ya ɗaga kai sai ya gama.

Daga nan ni ma na bi sahun 'yan ci-rani zuwa Legas.

Mahaifina mutum ne da bai taɓa roƙona komai ba. Ko ruwa yake so, gara ya tashi ya ɗebo da kansa. Saboda haka ranar da saƙonsa ya shigo wayata na yi murna ƙwarai. Sallama ce, da tambayar aiki, da gajiya, da mutanen da nake zaune da su, sannan ya ce Inna tana gaishe ni, suna nan lafiya lau. Nan ya tsaya. Na mayar da amsa cewa na ga saƙo, ina gaida kowa, sai Babbar Sallah in Allah ya kai mu. A lokacin ko azumi ba a kama ba.

Da Sallar ta zo, na sauka a mota da tsarabata. Na tarar da Baba a zaure, na yi sallama. Ya amsa, amma fuskarsa tana kallon gefen da ba ni ba. Na durƙusa, ya miƙo hannu yana laluben kaina, ya shafa kumatuna, ya ce, "Ashe Legas ɗin ta karɓe ka."

A tsakar gida mahaifiyata ta ce min, "Shi da bai iya roƙo ba, ya taka har Tsanyawa ya roƙe ka, ka ce masa sai Sallah." Ta ce da aka karanta masa amsata, cewa ya yi kada wanda ya sake damuna, yaro yana neman abincinsa.

Ban ko zauna ba na nufi shagon. Na nuna wa abokina saƙon a wayata. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ce, "Wallahi na buga sauran." Ya faɗa min abin da Baba ya ce bayan gaisuwa: idonsa ya fara hazo, in zo in kai shi asibiti a Kano, in ma ba a dace ba, ya gan ni kafin idon ya rufe. Na zauna na buga gaisuwar da kaina. Daidai kan "lafiya lau" akwatin ya cika. Na ci gaba da dannawa, ko harafi ɗaya bai ƙara shiga ba.

Mun je asibitin daga baya. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara.

Ni ɗan ƙauyen nan ne, na san babu dattijon da zai fara da buƙatarsa. Sai ya gaishe ka, ya gaida iyalinka, sannan a ƙarshe, cikin jin nauyi, ya faɗi abin da ya kawo shi. Na san wannan tun ina yaro, amma ban tuna da shi ba ranar da nake kafa iyaka. Yanzu duk akwatin da na haɗa yana nuna saura nawa, in ya cika kuma ya yi ƙara har sai mai bugawa ya ɗago kai.

Da na yi wa Baba bayani, na ce da a ce da maganar idon aka fara, da ta iso ni. Ya ɗora hannunsa a kan gwiwata. Can ya ce, "To, na daɗe ban ji ɗuriyarka ba. In ban tambayi lafiyarka ba, da me zan fara?"