Likitan da Bappa Ya Naɗa

Bappana ne ya kashe mini karatu. Ba talauci ba ne, ba kuma daƙiƙanci ba, ko da yake haka yake gaya wa mutane. Ƙanin mahaifina ne, shi ya riƙe mu a gidansa na unguwar Luggere bayan rasuwar babanmu. Ya ciyar da mu, ban musa ba. Amma har yau in na wuce rumfar masu gyaran rediyo a kasuwar Jimeta, warin narkakkiyar dalma ya bugi hancina, sai in ƙara sauri in bar wurin.

Ka san yadda ake rabon naman layya? Haka Bappa yake raba wa yaran gida makoma. Da la'asar, a lokacin zafin nan da ko bango ba ya taɓuwa, zai kishingiɗa a zaure da mafici, ya nuna mu ɗaya bayan ɗaya. Wannan lauya, wannan soja, wannan akanta. Ni likita ne ya faɗo a kaina, don kawai gidan maƙwabcinmu sun yi likita. Ba wanda ya taɓa tambayar mu.

Ni kuwa waya da batir su ne rayuwata. Ba rediyon da ya mutu a layinmu ban farke cikinsa ba, har fankar Goggo, matar Bappa, ni na tashe ta. Da muka gama aji uku na ƙaramar sakandare, malaminmu na fasaha ya tako da ƙafarsa har zaure, yana gumi, ya roƙi a kai ni makarantar koyon sana'a. Bappa bai ko tashi zaune ba.

"Malam, can ake zuba waɗanda kansu ya toshe. Namu likita ne."

Aka jefa ni ajin kimiyya. Ni da ko zanen cikin kwaɗo na gani a allo sai in kau da kai. Na faɗi, na maimaita aji, na sake faɗuwa. Kunya ta hana ni komawa. Na kama acaɓa.

Da rikicin 'yan tada ƙayar baya ya yi zafi aka hana babura a gari, na wayi gari ba sana'a, ga mata ga jaririya, ga 'yan'uwa da suka gudo daga arewacin jiha sun cika gida har zaure. Abokina da muke farke rediyo tare, wanda ubansa ya bar shi ya tafi waccan makarantar ta masu toshewar kai, shi ke ja wa sababbin gidajen unguwar Damilu wayar wuta, yana ɗora musu sola. Na yi masa dakon tsani kafin in samu Keke Napep ɗin da nake ja yanzu.

Jaririyar nan ita ce ta gama aji uku bana. Bakinta kamar reza, tana son tarihi da muhawara, lauya take so ta zama. Malamar da ke ba su shawara ta ce ta dace. Jini kuwa ba ta son ganinsa, ko kaza ake yankawa sai ta shige ɗaki.

Ranar Juma'a na kai ta gaida Bappa. Ya tsufa, ido ya yi rauni, amma yatsan nan yana nan. Ya ɗaga shi.

"Wannan nas ce. A sa ta kimiyya."

Na ga yarinyar ta sunkuyar da kai, irin sunkuyawar da na sani. Na ce ta je ta gaida Goggo. Sannan na gyara durƙuso na matso kusa, don kada ya ce bai ji ba.

"Bappa, Allah ya ƙara maka lafiya. Ga likitan da ka naɗa a gabanka, kekensa na waje. Ka yi rabo a kaina, na haɗiye. Wannan kuwa 'yata ce, na tambaye ta, ta kuma ba ni amsa. Sauke yatsan."