Yayata, Linux da Darar Baba

Yayata ce ta fara cewa kwamfutata ba mutuwa ta yi ba, kaya aka ɗora mata da ya fi ƙarfinta. A lokacin ina sayar da kayan waya a wani ɗan shago kusa da Mokola, ita kuma tana da shagon gyaran kwamfuta a bakin titi cikin Sabo, tsakanin wani tela da wata Bayarabiya mai sayar da amala. Duk a Ibadan aka haife mu. A nan ta yi karatun kwamfuta, kuma tun tana makaranta aka san ta da cewa in ta kafe a kan abu, sai dai ka gaji ka ƙyale ta.

Abin da ya dame ni a kwamfutar ba aiki ba ne, wasan ƙwallo ne. Duk Lahadi bayan la'asar abokaina sukan cika ɗakina mu yi ta bugawa har a kira magariba. To ga shi ta fara tsayawa a tsakiyar wasa, tana huci kamar tsohuwar mota a kan tudun Mokola.

"Zan gyara maka," in ji Yaya, "amma Linux zan sa mata."

"Abeg, Yaya, ni ƙwallo na zo a gyara mini, ba ƙungiya na zo shiga ba."

Ta yi dariya, ta ci gaba da kwance sukurori. Na sha jin wannan huɗubar a bakinta. Linux, a yadda take bayani, manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, wadda mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta, suka bar ta a buɗe. Kowa na iya leƙa cikinta, ya gyara abin da bai yi masa ba, ya miƙa wa na gaba. Takan ce tukunyar da aka hana ka buɗe murfinta, ko a murhunka take, ba girkinka ba ne. Masu kawo mata gyara sukan gyaɗa kai su ce, "To, Anti, a dai mayar mana da irin wadda muka saba." Ba ta taɓa tilasta wa kowa ba. Ni kaɗai ta tilasta wa, don ni ƙaninta ne.

Kwamfutar ta dawo da sauri kamar sabuwa, wannan ba zan musa ba. Amma ƙwallo ta ƙi tashi. Na danna, allon ya yi ƙifta ya koma yadda yake. Lahadin nan abokaina suka zo, suka sha ruwa, suka yi mini tsiya da Hausa da Yarabanci, suka tafi gidan wani.

Washegari na kai mata kwamfutar ina kumbure-kumbure. Na zata za ta ce ni ne ban iya ba. Sai ta ce, "Gaskiyarka ce. A wajen wasanni har yanzu muna baya. Masu yin su ba da mu suke yi ba. Ba ni 'yan kwanaki, in na kasa zan mayar maka da tsohuwar manhajar da hannuna."

Wannan hali nata ne ya fi burge ni, ko da yake a ranar ban faɗa ba. Tana son abinta, amma ba ta yi masa ƙarya.

Da farko wasan ya tashi, sai dai filin ya fito baƙi ƙirin, 'yan wasa na gudu kamar a kan kwalta. Da ta gyara wannan, sai murya ta makara: a ci ƙwallo, a gama murna, a koma tsakiya, sannan mai sharhi ya tuna ya yi ihu. Tela maƙwabcinta har barin ɗinki yake ya zo kallo. A ƙarshe wani mutum a wani zauren intanet, wanda ba ta san ko ƙasarsa ba, ya nuna mata inda matsalar take. Da komai ya daidaita, ban iya ɗaukar kwamfutar nan take ba. Ta ce in jira, sai ta rubuta a zauren duk matakan da ta bi.

"Wa zai karanta?" na tambaye ta.

"Wani mai tsohuwar kwamfuta da ƙani mai mita."

Babanmu ɗan kasuwar goro ne. Tun yana saurayi ya zo Sabo daga arewa, ya zauna. A shekarun da nake magana gwiwa ta matsa masa, mu kuma a saman bene muke, don haka in ba Juma'a ba da wuya ya sauka. Abin da ya fi rasawa shi ne dara. A da, bayan la'asar, yana wata rumfa kusa da masallaci inda dattawa suke haƙa gurabe a ƙasa, wannan da karare, wancan da tsakuwa. Yanzu wasu sun koma gida, wasu sun rasu, saura kuma ba su iya hawa benenmu kamar yadda shi bai iya sauka.

Wata Lahadi ya leƙo ɗakina yana dogara sanda, ya tsaya yana kallonmu. Ya ce bai taɓa ganin ƙarti a zaune suna gumi don zane na gudu ba. Yaya tana gidan ranar. Ta ce, "Baba, da dara ce a ciki fa?"

Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka ba ya kiran sunanta. Ya ce, "Uwata, inji ba zai iya dara ba. Dara hankali ce."

Ni da na san ta, na san an riga an fara aikin koya wa inji dara.

Matsalar ita ce ba ta iya dara ba, don ba ta taɓa zama a rumfar nan ba. Sai ta riƙa zuwa da kwali da murafun kwalba, ta zana gurabe, Baba na koya mata. Ya nuna mata yadda ake zuba 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, da yadda ake jera uku a ci ɗan abokin wasa, da cewa jera huɗu ba ci ba ne. Tana tambaya, yana amsawa, wani lokaci ya yi mata faɗa kamar ɗalibar allo. Na daɗe ban ji muryarsa da ƙarfi haka ba.

Ranar da ta kawo wasan a wata tsohuwar kwamfuta da wani ya bar mata, Baba ya lallasa shi ba tare da ya gyara zama ba. Haka ya yi ta yi. Da safe in zan fita sai ya ce, "In ka bi ta shagon Uwata, ka ce mata ɗan nata har yanzu rarrafe yake." Wata rana ya kama shi yana jera uku tun ana zubi, abin da doka ta hana. Ya sa aka kira ta a waya ya ce ta haifi ɓarawo. Ta zo ta gyara. Kowane mako injin na ƙara wayo, don duk dabarar da Baba ya ci shi da ita, sai ta zauna ta tambaye shi dalili.

Ina nan ranar da ya fara cin Baba. Baba ya ƙura wa allon ido. Sannan ya gyara hularsa ya ce, "A sake."

Yaya ta ɗora wasan a intanet kyauta, tare da duk rubutun da ta gina shi da shi. Ba a daɗe ba wani mai sayen kaya a wurina ya gan shi a kwamfutata. Mutumin yana da ƙaramin kamfani a Legas da ke yin manhajojin waya. Ya nemi in haɗa shi da ita, muka zo gida wata Asabar da hantsi. Mutum ne mai ladabi. Ya rusuna ya gaida Baba irin gaisuwar Yarabawa, ya yi hira da Yaya da Yarabanci, sannan ya koma Turanci da aka zo kan magana, ni ina fassara wa Baba abin da ya kuɓuce masa.

Shawararsa ita ce ta sauke wasan daga intanet, su yi haɗin gwiwa. Ya ce a wasu ƙasashe ana iya neman takardar hukuma da ke cewa wata dabara ta manhaja taka ce kai kaɗai, duk wanda zai yi irinta sai da izininka. Yana ganin hanyar da ta bi ta koya wa inji dara za ta iya samun irin wannan takarda. In ba su yi ba, in ji shi, wani babba zai gani ya yi, ya zo ya hana ta abin da ita ta fara.

Ni dai maganar ta shige ni. Abin da ban zata ba, ta shigi Baba ma. Bayan baƙon ya tafi ya ce, "Uwata, mutumin nan bai faɗi ƙarya ba. Wanda ya sha rana a gona shi ke da hatsi. Shekara da shekaru ina harkar goro, ban taɓa gaya wa kowa ƙauyen da nake sayowa ba."

"Ba ka gaya musu ba, Baba, amma ba ka hana su nema ba. Da wani ya je hukuma ya ce daga yau shi kaɗai ke da izinin naɗe goro a ganye fa?"

"Ai sai a kai shi asibiti."

"To irinta ce. Abin da na rubuta da hannuna, sunana na kai. Duk wanda ya ɗauka sai ya bar sunan, kuma ya bar ƙofar a buɗe yadda ya same ta. Wannan haƙƙina ne, ba zan yafe ba. Amma dabarar fa? Rabi daga wurinka na samo, rabi daga littattafan da wasu suka rubuta tun ba a haife ni ba. Kai ma a ƙasa wani ya koya maka. Da wane ido zan ce tawa ce?"

Na sa baki na ce in babban kamfani ya zo ya ƙwace fa, kamar yadda mutumin ya ce.

Ta juyo ta dube ni. "Shi ya sa na baza shi a fili. Abin da duniya ta riga ta gani, da wuya wani ya zo daga baya ya rantse shi ya ƙirƙira. Ban ce ba zai yiwu ba. Amma ba zan gina katanga don tsoron kada wani ya riga ni ginawa ba."

Baba ya ce, "Magana dai kin iya ta. Amma magana ba ta cika tukunya."

"Haka ne," ta ce. "Shago ke cikawa."

Ta kira mutumin ta ba shi haƙuri. Ta ce yana iya ɗaukar wasan ya ƙawata shi, har ya sayar in ya so, muddin ya bar rubutun a buɗe. Ya ce wannan ba kasuwanci ba ne a wurinsa. Suka rabu lafiya, kuma har yau in kwamfutocin ofishinsa na Ibadan suka sami matsala, wurinta yake aikowa. Baba bai taɓa cewa ta yi daidai ba. Ni ma, in za a tambaye ni, har yanzu ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a maganar mutumin. Sai dai na ga yadda ta ƙi abin ba tare da ta zagi kowa ba, ba ta kuma yi ta ba da labari don a yaba mata ba. Litinin ta buɗe shago ta ci gaba da canza wa mutane batir.

Bayan wasu watanni saƙo ya zo mata daga wani malamin makaranta a Maradi. Ya ce ya ci karo da wasan, ya ɗauka ya yi masa ƙari, yanzu mutum biyu na iya bugawa ta waya ko suna nesa da juna. Ya ce ya yi ne don mahaifinsa, ya kuma tambaya ko akwai wani dattijo a wajenmu da zai gwada da shi.

Ni na saita wa Baba a wayata, na zauna gefensa. Wasan farko dattijon Maradi ya cinye shi tas. Baba ya ce a nuna masa inda ake danna murya. Ya yi sallama, ya tambayi iyali da damina, sannan ya ce, "Amma Malam, a ina aka taɓa cin ɗan da ke cikin jeri?" Ba a jima ba amsa ta zo, wata murya mai kauri da Hausar can, tana cewa su haka suka tashi suka ga ana yi, sai dai in zaman kudu ne ya sa wasu suka manta.

Wannan gardama ta ɗauki makonni. Kowanne ya kawo sunan garin da ya koya da dattawan da ya gani suna yi. Yaya da malamin suka gaji da zama alƙalai, suka sa maɓalli a farkon wasa da za a zaɓi doka. Dattawan suka yi sulhu a kan cewa yau a yi ta Sabo, gobe a yi ta Maradi.

Ba su taɓa ganin juna ba, amma yanzu kusan kullum bayan la'asar suna tare. Abin da ke ba Baba haushi, kuma ya hana mu faɗa a gaban baƙi, shi ne ya fi yin nasara a ranakun da ake bin dokar Maradi.